Manhajar da Ba Ta San A'a Ba

Nazifi, don Allah ka daina dukan teburin nan, bai yi maka komai ba. Tun da ka sabunta kwamfutarka ba ma jin komai a ofishin nan sai tsaki, yanzu kuma kana neman inda ake kashe tambayoyin neman izinin da take yi maka gaba ɗaya. Ni ma sun ishe ni, wallahi har wuya. Amma jawo kujera ka ji wani misali, in ya so ka yi abin da ka ga dama.

An yi wani mai rubuta manhaja, gwani ne na gaske. Shi ya rubuta wadda masu kemis na garinsu suke lura da magunguna da ita, wanne ya ƙare, wanne ya kusa lalacewa. A kwamfutarsa yake ajiye makullin sirrin da yake buga wa kowane gyara hatimi kafin ya tura musu, kuma duk abin da ya zo da hatimin nan kwamfutocin shagunan karɓa suke ido rufe. Wannan yardar ita ce jarinsa, ba shi da wani. To, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutarsa ta tsufa, sababbin kayan aiki suka ƙi hawa kanta. Ya daɗe yana jan ƙafa, daga bisani dole ta sa ya sabunta. Ai kuwa sai ya jawo wa kansa sarkin tambaya. Ya buɗe wannan, a ce ka yarda ya taɓa fayilolinka? Ya buɗe wancan, ka yarda ya kunna kyamara? Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne manhajar da shi da kansa yake rubutawa: ko layi ɗaya ya canza ya sake haɗa ta don gwaji, sai kwamfutar ta ɗauke ta baƙuwa, a koma sabon lale. Yana tsakiyar bin wani kuskure, ya kusa kamo bakin zaren, sai ɗan akwatin nan ya faɗo tsakiyar allo, tunanin ya watse. Kai, abin da ban haushi! Su ma waɗanda suka tsara shi ba su kyauta ba, mai gadin da kullum yake tsayar da mai gida a ƙofar ɗakinsa ai nema yake a daina sauraronsa.

Da wani ne, da ya yi ta dannawa yana ƙunƙuni. Amma ka san halinmu, abin da muka yi sau biyu da hannu sai mun ce na'ura ta yi mana. Gogan naka ya zauna ya rubuta wata 'yar manhaja mai aiki ɗaya tak: da akwatin tambaya ya leƙo, ta danna "na yarda" kafin ido ya gani. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya amince wannan abu ya riƙa danne-danne a madadinsa, ya amsa da hannunsa yana dariya, har kalmar sirrinsa ya damƙa mata don kada a tsaya jiransa. Ya samu sarari, ya riƙa yi wa abokan aikinsa tsiya in ya ji suna tsaki. Ana nan, wata rana ya sauko da wani ɗan kayan aiki daga intanet, irin waɗanda muke kwasowa kyauta ba ma leƙa cikinsu, ya bar shi yana hawa ya fita cin abinci. Ashe masu kutse sun cusa nasu a ciki. Abin ya miƙa hannu ga makullin sirrin, kwamfutar kuwa ta yi aikinta tsakani da Allah, ta tsayar da shi, ta fito da tambaya. Kafin gogan ya kai lomar farko baki 'yar manhajar nan tasa ta danna "na yarda". Ya dawo ya tarar da allo tas, ya ci gaba da aikinsa.

Bai farga ba sai da waya ta fara ruri. An tura wa shagunan mugun gyara da hatiminsa, kwamfutocinsu duk sun kulle, ga mutane tsaye da takardun asibiti, masu kemis suna lalube a kan kanta. Ya rantse ba shi ya tura ba, kuma gaskiya ya faɗa, amma hatimin nasa ne. Wanda aka ɗauko ya binciki kwamfutar ya ce babu inda aka fasa, ƙwanƙwasawa aka yi aka buɗe daga ciki, sannan ya nuna 'yar manhajar ya tambaya wa ya rubuta ta. Gogan naka ya ce shi ne. Masu kemis ko faɗa ba su yi da shi ba, cire manhajarsa kawai suka yi, har yau ko kyauta ya ba da abu a garin babu mai sawa a kwamfutarsa. Takaicina ke nan, Nazifi. Da ɓarayin nan sun tarar da mai gadin shi kaɗai, da sun koma hannu rabbana, amma mutum ya zauna da basirarsa ya ɗaukar musu ma'aikaci a cikin gidansa. Hausawa dai sun gama magana: da ɗan gari akan ci gari.