Sunan Obadiah a Kundin Gari

Tun ƙarfe tara na safe Madam Lorna Thaxter ta kama kujerar gaba a zauren taron garin Ashcombe, ta ɗora hoton da ta ciro daga bangon falonta a kan cinya.

Yau ce ranar taron shekara, inda kowane mazaunin gari ke ɗaga hannu a yanke magana. Batu ɗaya ne ya cika zauren: a bari a gina gidaje sittin a tsohuwar makiyaya, ko a hana. Ma'aikatan sabon asibiti ne za su shiga, yawancinsu baƙi. Wata huɗu Lorna ta yi tana bi gida-gida don a hana.

Garin ya faro ne zamanin mulkin Ingila, da gida goma sha ɗaya da injin niƙa a bakin rafi. Daga baya masaƙa ta zo, jirgin ƙasa ya biyo. Duk Lorna ta haddace, ita ke koya wa 'yan makaranta. Hoton kuwa na wani shafi ne a kundin gari na 1724. Rubutun mutanen da ne, a murɗe, tawada ta koɗe, amma sunan kakan kakanninta, Obadiah Thaxter, ya fito raɗau. Iyakar abin da ake karantawa ke nan a gidansu, ya kuma ishe su.

Da aka ba ta dama ta miƙe, ta ɗaga hoton.

"Gari yana da masu shi, ba tashar mota ba ce," in ji ta. Ta nemi magatakardan gari, Wendell Pruitt, ya ɗauko kundin ya karanta wa jama'a shafin.

"Lorna, bari mu ɗaga hannu kawai," ya ce ƙasa-ƙasa. "Waken da aka dafa wa taro na hucewa a kicin."

"Ko idon ne ya tafi, Wendell? In ara maka tabarau?"

Aka yi dariya. Wendell ya shekara talatin yana kula da kundin. Ya dube ta jim kaɗan, ya buɗe shafin ba tare da ya laluba ba, ya karanta:

"Dattawan gari sun umarci ɗan doka ya sanar da Obadiah Thaxter, baƙon da ba a san asalinsa ba, shi da matarsa da 'ya'yansa biyar, su fice daga Ashcombe cikin kwana goma sha huɗu, kada su zame wa gari kaya."