Gishiri a Kofin Auta

"Mama, kin taɓa kofin nan?" in ji Auta.

"Ni? Me zan yi da ƙazantarki?"

Ƙarya na yi. Kofin aikinta ne na gama jami'a: ruwa gurɓatacce da 'yar roba a ciki. Kullum sai ta leƙa da madubin ƙara girma, ta ce dattin yana gudun robar, yana barin siririn layi garau a gefenta. Dalilin hakan take nema. Ni kuwa ƙazanta na gani a inda muke cin abinci. Na zubar, na jiƙa robar a ruwan gishiri, na ɗauraye kofin tas. Da hankalina ya dawo, na zuba sauran gurɓataccen ruwan da ta ajiye a kwalba, na mayar da robar ciki.

Layin bai sake fitowa ba. Kwana uku yarinya ba ta cin abin kirki, ga ranar miƙa aiki ta matso. Ina sallah, ƙaryar ta hana ni natsuwa.

Ina sallamewa na je na faɗa mata, kaina a ƙasa.

"Gishiri?" Ta jawo biro. "Ashe tsamin da ke fita daga robar, yana bazuwa cikin ruwa, shi ke tura dattin. Gishirinki ya zuƙe shi. Cokali nawa kika sa?"

"Ba ki yi fushi ba?"

"Tun ranar na sani, Mama. Kofin bai taɓa sheƙi haka ba. Abin da kika sa ne ban sani ba, kuma ba zan iya ƙaryata uwata ba."