Awarwaron Tasalla

Tun da doka ta ba kowane mutum dabbar dajin da zai tsare, kowa a Tungar Maje yana sanye da awarwaron tagulla mai bugawa tare da zuciyar dabbarsa. Ta Tasalla giwa ce. Shekara arba'in tana jin bugun nan a hannunta, ko da yake sau biyu kacal ta taɓa hango giwar.

Ran Laraba tana cikin tankaɗe, bugun ya tsaya. Ta bar garin a faifai, ta nufi wurin tsoho Barau, maƙerin da ke ƙera irin awarwaron nan, ta cire nata ta miƙa masa.

"Baba, duba mini. Ina jin lalacewa ya yi."

Barau ya kara shi a kunne, ya daɗe yana saurare.

"Lafiyarsa ƙalau, 'yata. Sai haƙuri."

Ya rataye shi a bango, kusa da wasu fiye da sittin da suka yi shiru a bana.

Tasalla ta shafa farin zoben da awarwaron ya bari a fatarta.

"Jibi sunan jikata, Baba. Wace dabba aka ba ta?"

Barau ya juya yana gyara gawayi.

"Hukuma ta ce a ɗan jira tukuna."