Akwatin Sheƙa a Lambun Malam

Akwati na uku ke nan da kafinta ya ɗaure a jikin bishiyar lemon, kuma har yanzu ko tsinke ɗaya tsuntsu bai kai ciki ba.

Malam tsohon malamin firamare ne, ya yi ritaya shekara shida da suka wuce. Matarsa ce ta dasa lambun da ke bayan gida, ita ce kullum take cewa wurin ya cika shiru, ya kamata a samo wa tsuntsaye masauki. Shi kuma kullum sai ya ce gobe. Da ta rasu, sai gidan ya yi masa faɗi, har ƙarar cokali a cikin kofi yana jin ta tana dawowa daga bango.

'Yarsa da ke aure a wani gari mai nisa ta matsa masa lamba a waya. "Baba, ka rufe gidan nan ka taho. Ɗaki na nan an share maka."

"Bari tsuntsaye su yi sheƙa a lambun uwarki tukuna," in ji shi. "Ranar da na ga sun shiga, zan ɗaure kayana."

Maganar da ya maimaita wa kafintan ƙarshen layi ke nan ranar da ya fara zuwa shagonsa. Dattijo ne shi ma, mai furfura a gira, yana aiki shi kaɗai tsakanin zarto da tulin garin katako. Kujera ɗaya ce a shagon, shi ya sa ya miƙe ya ba Malam. Kafinta ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Zaɓen akwatin tsuntsu ba abin gaggawa ba ne, Malam. Tsuntsaye sun fi amarya tsirfa."

Ya jera masa samfuri a kan benci: mai ƙaramar huda don gwara, mai buɗaɗɗen gaba don kurciya, mai rufin da ake ɗagawa a share. Ya ce kada a shafa fenti a ciki, kada a sa sandar tsayawa a bakin ƙofa don tana taimakon kyanwa. Malam ya zaɓi na gwara. Ranar Asabar kafinta ya zo da tsaninsa, ya hau da kansa ya ɗaure, ya hana Malam ko taɓa akwatin, wai ƙanshin hannun mutum yana korar su.

Da ya sauko, Malam ya dafa shayi. Suka zauna a inuwa suna kallon sama har la'asar ta yi sanyi.

Gwara sun zo, ba su ƙi zuwa ba. Malam yakan gan su ta tagar ɗaki da safe: ɗaya ta sauka a bakin hudar da ciyawa a baki, ta leƙa, ta bubbuga, ta yi fir ta tashi. Kowace Asabar sai ya kai ƙara, kafinta kuma ba ya rasa dalili. Yau hudar ta yi faɗi. Wani mako akwatin yana fuskantar rana, ƙwai zai dahu. Wani kuma katakon ɗanye ne, sai ya sako wani. Kowane gyara yana cin wuni guda da tukunyar shayi biyu.

"Anya, mai zarto, ka taɓa yin akwatin da tsuntsu ya kwana a ciki?" Malam ya tsokane shi wata rana.

"Tambayi gwarar unguwar nan, duk 'yan haya na ne," ya ce, ya yi dariya har da tari.

A haka wata biyar suka shuɗe. Sauran kwanakin mako Malam yana zaune shi kaɗai, yana ba shukoki ruwa, yana juya tashar rediyo ba don yana saurare ba. Wani lokaci yakan ɗauka laifinsa ne, tsuntsayen ma sun gane gidan da babu mace a cikinsa. 'Yarsa ta fara kuka a waya, ta ce jikokinsa sun kusa manta muryarsa. Ya ce mata ta ƙara masa wata ɗaya.

Ranar wata Alhamis da rana hadari ya taso da iska mai ƙarfi. Malam yana tsaye a baranda ya ji ƙarar faɗuwar abu. Da ruwa ya tsagaita ya fita, ya tarar da akwatin a cikin taɓo, rufinsa ya tsage biyu.

Ya sunkuya ke nan sai ga kafinta ya faɗo gidan ba ko sallama, jiƙe sharkaf, yana haki kamar wanda ya yi gudu tun daga shago.

"Bar shi, Malam! Kawo nan, ni zan gyara."

Malam ya dube shi. Yau ba Asabar ba ce. Maimakon ya miƙa masa, sai ya ɓare ragowar rufin, ya juya akwatin wajen haske.

Cikinsa tas, ko gashin tsuntsu babu. A bayan hudar, daga ciki, an kafa 'yar ragar waya da ƙananan ƙusoshi huɗu, an shafe ta da baƙin fenti yadda ba mai hango ta daga ƙasa. Kafinta ya sauke ido, ruwa na ɗiga daga girarsa, ya ce a hankali, "Duka ukun haka na yi musu. Kai ka ce ranar da suka shiga za ka tafi, Malam, ni kuwa duk duniya gidanka ne kaɗai ake ce mini in zauna."