Makullin Keken Masu Naƙuda

Tun da hantsi Bahijja ta haihu, amma har azahar jini bai tsaya ba. Ita ce autar Kande, ta zo gida goyon ciki, haihuwarta ta fari. Ungozoma ta sauya zani na uku, ta ɗago ta ce, "Iya, wannan ya fi ƙarfina. A ɗauko keken asibiti."

Kande ta fita ko mayafi babu. Ta isa rumfar da ake ajiye keken a gefen masallaci, ta tarar wayam, sai sawun taya.

Jama'a, keken nan ba na uban kowa ba ne. Gidauniyar 'yan asalin Karaye da Rogo ce ta saya. Duk kaka manoma kan kai abin da Allah ya hore musu, 'ya'yan yankin da ke birni su ƙara nasu, gidauniya ta raba wa ƙungiyoyin ƙauyuka. Wasu suka nemi rijiya, wasu injin niƙa. Ƙungiyar ƙauyen su Kande, can cikin Kurugu, ta roƙi a-daidaita-sahu mai katifa a baya, don kai mata asibiti idan haihuwa ta zo da gardama. Kande da kanta ta kai wa gidauniya gyaɗarta a ka. Makulli kuwa aka damƙa wa shugaban ƙungiya, Alhaji Sabi'u.

Kande ba ta tambayi inda keken yake ba. Ta sani. Kowa ya sani. Ranar kasuwa ce.

Ta sa aka kira mata Alhaji Sabi'u a waya. "Alhaji, Bahijja ce, jini ya ɓalle mata. Ka kawo keke."

"Ashsha! Iya Kande, wallahi buhuna ne a kai, ko saukewa ban yi ba. Ku ba ta rubutu ta sha. Da la'asar ina tafe."

"La'asar ɗin wa? Ce maka na yi jini!"

Ya ce ba ya jin ta sosai, ya kashe.

Aka gwada babur, yarinya ba ta iya zama. Wani maƙwabcinsu makiyayi ya ɗaura shanunsa a amalanke, aka shimfiɗa ta. Kande ta ɗora kan Bahijja a cinyarta, tana yi mata fifita da gefen zani. Bahijja ta buɗe ido ta ce, "Inna, an ba ta ruwa?" Jaririyar take nufi. Ba ta ƙara cewa komai ba. Ba su kai kwalta ba rai ya yi halinsa.

A zaman makoki kowa da abin da yake faɗi. "Ƙaddara ce, Iya, sai haƙuri." Alhaji Sabi'u ma ya zo, ya zauna a sahun gaba, ya fi kowa tsawaita addu'a.

Kande ta ce, "Ƙaddara na yarda da ita, ba yau na fara binne nawa ba. Amma ba ƙaddara ce ta loda gyaɗa a kan katifar masu naƙuda ba."

Aka ce tsufa ne da zafin rashi.

Washegarin sadakar bakwai Kande ta goya jaririya, ta hau mota sai ofishin gidauniya a Karaye. Ta tarar da Hajiya Adama, wadda ke zagaya ƙauyuka duba abin da aka bayar. Ko gama gaisawa ba su yi ba Kande ta kwance goyon ta ajiye mata a kan tebur.

"Ga abin da kekenku ya bar mini."

Ta faɗi komai, ba ta rage ba. Hajiya Adama ta ce, "Allah ya ji ƙanta. Amma Iya, watan jiya fa na zo garinku. Na ga keken a rumfa, an wanke shi fes. Ke na tambaya a bakin rijiya, na ce yana aikinsa? Kika ce mini lafiya lau."

Kande ta sunkuyar da kai. "Na faɗa."

"Me ya sa?"

"Saboda ya taɓa rage mini hanya zuwa kasuwa, ni da kajina. A kan katifar na zauna, 'yar nan. Na ji nauyin in tona shi. Duk garin haka muke, kowa an taɓa rage masa hanya. Ku kuma kun aiko kuna tafe, ba dole a wanke muku shi ba? Laifin Sabi'u ne, da naku, da nawa. Ni na biya nawa. Saura ku."

A makon nan gidauniya ta karɓe makulli a bainar jama'a, ta damƙa wa ungozoma. Ƙungiya ta sauke Alhaji Sabi'u. Hajiya Adama ta daina aiko da saƙo kafin ta zo.

Keken yana rumfarsa yanzu, har ranar kasuwa. Ya kai mata huɗu asibiti, duk sun dawo da ƙafarsu. Jaririyar kuwa sunan uwarta aka mayar mata, madarar akuya take sha da cokali. In Kande ta ji ƙarar keken ya wuce, sai ta tsaya cak da cokalin a hannu, har ƙarar ta ɓace.

Ku da kuke bayarwa don Allah, ku bi sawun abin da kuka bayar. Ku da aka ba wa, in kun ga ana cin amanarsa ku faɗa tun da wuri, ko da wa ke ci. Shirun da kuka yi don kunya, wata rana a ɗakinku za a yi kukansa.