Babi na Huɗu

Kulu ta zazzage jakarta kaf. Gobe jarrabawar darasin gwamnati, ga shi an yage babi na huɗu daga littafinta, babin 'yancin ɗan ƙasa.

Shekaranjiya ta fassara wa babanta shi: "Baba, kundin tsarin mulki ya hana a tsare mutum haka kawai."

"Kundi ne?" in ji shi. "Ashe irin na malamai ne."

Yau da la'asar aka turo adaidaitarsa unguwarsu, Gyaɗi-Gyaɗi, babu shi. Wasu masu kaki sun ɗauke shi a Tarauni, ba wanda ya san inda suka kai shi.

A jikin madubin adaidaitar Kulu ta ga sabuwar laya. Ta farke ɗinkin.

Babi na huɗu ne, a ninke.