Sai Ranar Kasuwa

Tun farkon mako Safara'u take riƙe da gefen cikinta na dama. Tana tuƙa tuwo tana cije leɓe, in za ta miƙe sai ta dafa bango. Mijinta Isyaku manomin rani ne a wani ƙauye na bakin ruwan Tiga, kuma wallahi ba mugu ba ne. Halinsa ɗaya ne, irin na mutanenmu: komai sai ranar kasuwa.

"Baban Khalifa, ciwon nan fa ba irin wanda na saba ba ne," in ji ta.

"Daure, Safara'u. Ranar kasuwa motar Maikano za ta kai tumatir Tudun Wada, sai mu bi ta. Ke ki ga likita, ni in sayar da kaya."

Ya jiƙa mata kanwa da sassaƙe. Washegari Maikano direba ya leƙo gaisuwa, ya ga yadda take haɗa gumi, ya ce, "Haba Isyaku, fito da ita yanzu in kai ku mana!" Isyaku ya ce tumatir bai gama nuna ba, kuma tafiya biyu ɓarna ce.

To, shi kaɗai ne mai wannan dabarar? Ina! Ranar kasuwa kowane ƙauye ya kwaso marasa lafiyar da ya tara duk mako. Mai zazzaɓi, mai tari, tsohuwa mai ciwon gwiwa, suka cika ɗakin taimakon gaggawa na asibitin Tudun Wada har baranda. Likita kuwa ɗaya ne tal. Ana cikin haka aka shigo da mutanen da wata motar kasuwa ta kife da su, jina-jina. Dole aka yi kansu.

Safara'u na cikin layin, kwance a tabarma, Isyaku na yi mata fifita. Da farko tana nishi. Can ta yi shiru, shi kuma ya ɗauka sauƙi ne ya samu.

Sai bayan la'asar layi ya zo kanta. Likita na taɓa cikin ya ce hanji ya riga ya fashe. Suka yi iya ƙoƙarinsu, amma kafin a gama shirin tiyata rai ya yi halinsa.

Wata malamar jinya ta tsaya gaban Isyaku, idonta ya yi ja. "Malam, tun yaushe take ciwon nan?"

"Tun farkon mako."

Ta juya ta dubi ɗakin. "Jiya war haka, rabin gadajen nan babu kowa a kai."

Isyaku ya durƙushe a wurin yana salati. Da magariba motar Maikano ta mayar da Safara'u gida, a lulluɓe, tsakanin kwandunan tumatir da aka sayar tas.

Jama'a, don Allah mu daina tara ciwo sai ranar kasuwa. Ranar da kowa ya taru a asibiti, mai ciwon da ba ya jira ma sai ya jira. Duk ranar da ciwo ya tsananta, ita ce ranar zuwa asibiti.